Duniyar Kwaikwayo da Jiyyar Waɗanda Yaƙi Ya Taɓa

In yaƙi ya ƙare, ko kuwa ya lafa, a kan ƙidaya matattu, a ƙidaya gidajen da suka rushe da gadojin da suka karye. Amma akwai wata ɓarna wadda ba ta shiga lissafi da sauƙi, watau wadda ta ke saura a jikin waɗanda suka tsira da cikin zukatansu. Wani ya komo gida ba ƙafa, wani ya komo da ƙuna, wani kuwa jikinsa sarai, amma barci ya gagare shi, in an bugo ƙofa da ƙarfi sai ya zabura ya shiga neman maɓoya. A 2019 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, suka ƙiyasta cewa a wuraren da yaƙi ya shafa kimanin mutum 1 cikin 5 yana fama da ciwon damuwa ko taɓuwar hankali, ƙarami ko babba.

Wannan takarda za ta bayyana wata dabara da likitoci suka shigo da ita cikin jiyyar irin waɗannan mutane tun wajen 1997, da yadda ta ke aiki, da abin da gwaji ya nuna game da ita, da kuma inda ƙarfinta ya tsaya.

Abin da a ke nufi da duniyar kwaikwayo

Duk wanda ya taɓa kallon majigi a filin gari ya san hoton yana jikin farin ƙyalle ne, can gaba. In mai kallo ya waiwaya, sai ya ga maƙwabcinsa da mai tallan gyaɗa, ya tuna inda ya ke. To, na'urar da a ke magana a kanta majigi ce wadda ba a waiwaya mata. Wani irin tabarau ne mai kauri da a ke ɗaurawa a kai, cikinsa da ɗan allo a gaban kowane ido. Kowane ido da hoton da a ke nuna masa, hotunan biyu sun ɗan saɓa da juna kamar yadda ganin idon dama ya ɗan saɓa da na hagu, saboda haka sai abu ya fito da zurfi da nisa. Akwai kuma ma'auni a ciki wanda ke jin motsin kai. In mutum ya juya hagu, nan take kwamfuta ta sake zana abin da ke hagu, tana maimaita zanen kimanin sau 90 cikin sakan ɗaya. A kunnuwa kuma a kan sa abin jin sauti. Ta haka ko'ina mutum ya duba, sama ko ƙasa ko baya, yana cikin hoton.

Tun da ya ke abin bai riga ya sami tsayayyen suna da Hausa ba, a nan za a kira na'urar tabarau mai majigi, wurin da ta ke kai mutum kuwa a kira shi duniyar kwaikwayo. Kalmar kwaikwayo ta dace, gama wanda ya shiga ya san sarai ba gaskiya ba ne, kamar yadda mai kallon wasan kwaikwayo ya sani. Abin mamakin shi ne jiki ba ya bin wannan sani. In aka nuna wa mutum yana tsaye a bakin rami mai zurfi, sai gabansa ya faɗi, tafin hannunsa ya jiƙe, alhali ƙafarsa na bisa daɓen ɗaki. A kan wannan saɓani tsakanin sani da jiki aka gina dukan jiyyar.

Na'urar ba sabuwa ba ce kamar yadda a ke zato. Wani masani Ba'amurke, Ivan Sutherland, ya haɗa irinta a Jami'ar Harvard a 1968, sai dai an rataye ta ne daga rufin ɗaki da wani dogon hannu na ƙarfe. Ta yi shekaru tana hannun masu bincike da sojoji saboda tsadarta, kafin ta yi arahar da za ta shiga kasuwa.

Ciwon razana

Hausa ta rarrabe tsoro da firgita da razana. Tsoro na abin da a ke jira ne, firgita ta abin da ya zo ba zato ce, ta kan wuce da wucewarsa. Razana ta fi su zurfi, ita ce wadda ke girgiza mutum har cikin ɓargo. Saboda haka ciwon da ke bin mutum bayan ya ga abin da ya fi ƙarfin zuciyarsa za a kira shi ciwon razana. Alamunsa sanannu ne: mugun mafarki, da ganin abin yana dawowa a farke kamar yanzu ya ke aukuwa, da yawan zabura, da saurin fushi, da gudun duk abin da zai tuna masa. Ba kowa ne da ya ga yaƙi ke kamuwa ba, yawancin mutane su kan murmure da kansu. Sai alamun sun haura wata guda suna hana mutum harkarsa likitoci ke ɗaukarsa ciwo.

An daɗe kafin a yarda ciwo ne. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, da farko an zaci girgizar harsashin igwa ce ke taɓa ƙwaƙwalwar sojoji, waɗansu manyan soja kuwa suka ɗauke shi ragwanta kawai. Rundunar Ingila ta harbe sojojinta 306 bisa laifin gudu ko tsoro da makamantansu, ba a yi musu afuwa ba sai 2006, bayan an amince cewa akwai marasa lafiya a cikinsu. A cikin wannan yaƙi ne wani likita, W. H. R. Rivers, wanda ke duba hafsoshi a asibitin Craiglockhart kusa da Edinburgh, ya lura da wani abu. Shawarar da a kan ba majiyyata ita ce su manta, su kau da tunaninsu. Shi kuwa ya ga waɗanda suka fi ƙoƙarin dannewa da rana su ne mafarki ya fi azabtarwa da dare, kuma in aka taimake su suka fuskanci abin a hankali, sai barcinsu ya gyaru. Ya bayyana wannan a gaban taron likitoci a London cikin Disamba 1917. Duk da haka sai a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa ciwon cikin littafinta na cututtuka da sunan da a ke kiransa yau.

Hausawa na cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Karin maganar ya kama asalin ciwon, sai dai akwai ci gaba. Muddin mutumin na gudu duk sa'ad da ya hangi tsumma, ba zai taɓa tsayawa ya gane tsumma ne ba. Gudun na ba shi sauƙi na ɗan lokaci, amma shi ne ke ciyad da tsoron. Maganin da Edna Foa da abokan aikinta suka tsara a Philadelphia cikin shekarun 1980 ya tsaya a kan wannan. A kan yi zama 8 zuwa 15, kowanne kimanin minti 90. Majiyyaci ya rufe ido, ya ba da labarin abin da ya same shi daga farko har ƙarshe, sa'an nan ya sake, ya kuma sakewa. Likita na tambayarsa lokaci lokaci ya auna tashin hankalinsa daga 0 zuwa 100. Da yawan maimaitawa sai awon ya riƙa sauka.

Akwai wani sharaɗi a nan da ya kamata mai nazarin harshe ya kula da shi. A kan umurci majiyyaci ya ba da labarin kamar yanzu abin ke faruwa. Ba zai ce ya shiga mota, ya ji ƙara ba. Cewa zai yi, "Ina cikin mota, ina jin ƙara, ina ganin hayaƙi." A Turanci wannan sauya lokacin aikatau ne da gangan. A Hausa kuwa sigar lokaci mai ci ba ta ɗaure da yau ko jiya, gama a kan ce "jiya ina tafiya sai na gamu da shi". Abin da sigar ke nunawa shi ne aikin bai kammala ba. Wannan kuwa shi ne ainihin halin mai ciwon razana: abin da ya auku shekara goma da suka wuce, a wurinsa bai kammala ba. Ana iya cewa aikin jiyyar duka shi ne a fid da labarin daga "ina gani" a kai shi ga "na gani".

Inda na'urar ta shigo

Wahalar wannan magani ita ce yana bukatar abin da ciwon ya hana. Wani majiyyaci in an ce ya rufe ido ya tuna, sai ya kasa. Wani kuwa ya kan zuba labarin tiryan-tiryan kamar mai karanta rahoto, zuciyarsa ba ta ciki, irin wannan kuwa ba ya warkarwa. Domin waɗannan ne aka nemi abin da zai buɗe ƙofar daga waje.

A 1995 Barbara Rothbaum ta Jami'ar Emory da Larry Hodges, masanin kwamfuta, duka a birnin Atlanta, suka nuna cewa duniyar kwaikwayo na rage wa mutane tsoron hawa wuri mai tsawo. A 1997 suka gina wa tsofaffin sojojin Biyetnam wurare biyu, ɗaya cikin jirgi mai saukar ungulu yana shawagi bisa kurmi da gonakin shinkafa, ɗaya kuma wani fili da kurmi ya kewaye. Sojojin nan sun fi shekara 20 da barin fagen fama. Zanen na wancan zamani bai da kyau ko kaɗan, amma waɗansunsu da suka cire tabarau sai suka riƙa ba da labarin abubuwan da suka gani a ciki waɗanda ba a zana ba sam. Ashe na'urar ɗan mabuɗi kawai ta bayar, sauran duka daga cikin kansu ya fito.

Da yaƙin Iraƙi ya ɓarke a 2003, Albert Rizzo na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya ɗauki zane-zanen wani wasan kwamfuta da aka yi domin horad da sojoji, ya mai da su kayan jiyya. Tsarin ya soma da sunan Virtual Iraq, daga baya aka faɗaɗa shi aka kira shi Bravemind. Soja ya kan sami kansa cikin motar yaƙi a hanyar hamada, ko yana tafiya a ƙasa cikin kasuwar wani gari. Ƙarƙashinsa akwai dandamali mai rawa in bam ya tashi, gefe kuma wata na'ura na fesa warin man dizal, ko albarushi, ko tayar da ke ƙuna. Likita na zaune kusa da allonsa, shi ke riƙe da linzami. A zaman farko mai yiwuwa motar na tsaye, rana tsaka, ba kowa a hanya. Soja na magana, likita na ƙara abin da ya ambata, in ya ce da dare ne a mai da shi dare, in ya ce akwai ƙura a ta da ƙura. Ba a wuce mataki sai awon tashin hankali ya sauka. Muhimmin abu shi ne bakin majiyyaci ba ya rufuwa, shi ke ba da labari, hoton na biye da shi.

Gwajin farko ya ba da ƙarfin gwiwa: cikin sojoji 20 da suka kammala jiyyar, 16 sun fita daga ma'aunin masu ciwon. Amma ba a gwama su da kowa ba. A 2016 Greg Reger da abokan aikinsa suka buga sakamakon gwaji mafi tsanani, wanda aka yi da sojojin Amurka 162. Aka kasa su uku ta hanyar ƙuri'a: kashi ɗaya da tabarau, kashi ɗaya da rufe ido da ba da labari kawai, kashi ɗaya suna jira. Kashi biyun farko duka sun fi masu jira samun sauƙi. Amma masu tabarau ba su fi masu rufe ido ba, har ma da aka sake auna su bayan wata 3 da wata 6, masu rufe ido ne ke gaba. Har wa yau fiye da 40 cikin 100 na kowane ɓangare sun bar jiyyar kafin ta ƙare. A nan dai gani bai kori ji ba. Amfanin tabarau ya fi bayyana ga wanda tsohuwar hanya ta gagara, ko saurayin da ke jin kunyar zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa amma ba ya ƙyamar na'ura.

Jiyyar jiki

Ga masu raunin jiki a kan juya dabarar. Maimakon a mai da mutum inda ya ke gudu, sai a ɗauke shi daga inda ya ke. Wankin ƙuna na cikin mafi zafin abin da a ke yi a asibiti, ko da an ba da maganin kashe zafi. Tun daga 1996 Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington a birnin Seattle suka soma gwada duniyar kwaikwayo a ɗakin masu ƙuna, har suka gina wadda suka kira SnowWorld, watau wani kwari na ƙanƙara inda majiyyaci ke shawagi yana jifan gumakan ƙanƙara. Hikimar ita ce hankalin ɗan Adam yana da iyaka, abin da ya tafi wajen wasan ya ragu daga wajen ciwo. An gwada ta a kan sojojin da bam ya ƙone a asibitin soja na Brooke a Texas, suka ce zafin ya ragu. Ƙari ce a kan magani, ba a janye maganin.

Sai kuma ciwon gaɓar da babu ita. Yawancin waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa su kan ci gaba da jin gaɓar, sau da yawa tana zogi ko ta dunƙule ta ƙi buɗewa. Likita Silas Weir Mitchell ya bayyana wannan a 1871 daga abin da ya gani wurin sojojin yaƙin basasar Amurka. Cikin shekarun 1990 V. S. Ramachandran a San Diego ya zo da dabarar madubi: a kafa madubi yadda hoton lafiyayyen hannu zai faɗa gurbin wanda aka yanke, mutum ya motsa shi, ƙwaƙwalwa ta ga kamar gaɓar ta dawo tana bin umurni. A 2007 aka gwada wannan a asibitin soja na Walter Reed da waɗanda suka rasa ƙafa, minti 15 kullum har mako 4, dukan mutum 6 da suka yi da madubi suka ce ciwon ya ragu. Amma madubi na bukatar gaɓa ɗaya lafiyayya, nakiya kuwa ta kan ɗauke biyu. A Suwidin, Max Ortiz-Catalan ya liƙa wayoyi a kan dungun hannu domin su karanta motsin tsokar da ta rage, kwamfuta ta nuna wa mutum kansa a allo da cikakken hannu mai bin nufinsa. A rahotonsa na 2016, mutum 14 da suka daɗe suna fama sun sami raguwar ciwo kimanin rabi bayan zama 12. Su ba sojoji ba ne, kuma adadinsu kaɗan ne, amma hanyar ba ta dogara da sauran gaɓa ba.

Masu koyon tafiya da ƙafar roba kuma akwai ɗakunan da aka gina musu a manyan asibitocin sojan Amurka, da dandamali mai karkata da allo mai kewaye. Mutum na ɗaure da ɗamara ta yadda ba zai faɗi ba, ya koyi hawan tudu da ratsa taron jama'a kafin ya fita titi.

Iyakar abin

Iyaka ta farko ita ce duniyar kwaikwayo ba ta aiki sai ta yi kama da duniyar mai ciwon. Saboda haka ne masu bincike a Lisbon suka zana daji da kwanton ɓauna domin tsofaffin sojojin Fotugal da suka yi yaƙi a Angola da Mozambik da Gini Bisau tsakanin 1961 da 1974, a Haifa kuwa aka zana motar safa domin farar hula da harin bam ya rutsa da su. Kowane yaƙi da nasa zane, zane kuwa kuɗi ne. Yawancin abin da aka gina domin sojojin ƙasashe masu arziki aka gina shi, alhali galibin waɗanda yaƙi ke taɓawa manoma ne da mata da yara. Na biyu, tabarau na sa waɗansu jiri da tashin zuciya. Na uku, wanda ya fi duka, na'urar ba ta da amfani in ba ƙwararre a gefe. A ɗaura wa mai razana ita a bar shi, kamar a ɓare gyambo ne a tafi.

Domin a ga abin da ke ainihin maganin, ya kamata a dubi wata hanya da masana na Jami'ar Konstanz a Jamus, Maggie Schauer da Frank Neuner da Thomas Elbert, suka tsara domin 'yan gudun hijira. A kan shimfiɗa igiya a ƙasa a matsayin rayuwar mutum, ya ɗora fure a kan kowane abin farin ciki, dutse a kan kowane abin razana. Sa'an nan a bi igiyar daga haihuwa, a tsaya a kan kowane dutse har ya faɗi abin da ke ƙarƙashinsa, a rubuta, a karanta masa, daga ƙarshe a ba shi tarihinsa a hannu. An gwada hanyar a sansanin Imvepi a arewacin Yuganda da 'yan gudun hijirar Sudan 43, aka buga sakamakon a 2004. Bayan shekara guda, 29 cikin 100 na waɗanda suka yi zama 4 na wannan hanya ne ke da sauran ciwon, a sauran ɓangarorin biyu kuwa kimanin 80 cikin 100. Daga baya a sansanin Nakivale aka horad da 'yan gudun hijirar kansu suka yi wa 'yan'uwansu, abin kuma ya yi aiki. Igiya da dutse da tabarau mai majigi aikinsu ɗaya ne, watau su riƙe mutum a gaban abin da ya ke gudu har ya iya faɗinsa.

Wannan magana ta shafi ƙasar nan kai tsaye. Rikicin da ya tashi a arewa maso gabashin Nijeriya tun 2009, ya bazu zuwa Diffa da arewacin Kamaru da gaɓar tafkin Chadi, ya raba fiye da mutum miliyan 2 da gidajensu. In wata rana aka so kawo irin wannan na'ura ga manomin Gwoza ko masuncin Baga, titin Bagadaza ba zai buɗe masa kome ba, sai an zana masa dutsensa da tafkinsa. Kafin zanen ma akwai abin da ya riga shi. Da yawa daga cikin mutanen nan Kanuri ne harshensu, ko Marghi, ko Larabcin Shuwa, Hausa kuwa harshen kasuwa ce a gare su, labarin razana kuma ba ya fita sosai sai da harshen da mutum ke mafarki da shi. Sa'an nan muddin kalmar da ke hannun jama'a ita ce hauka, mai ciwon zai gwammace ya yi shiru. Samad da sunayen da ba su da abin kunya, da horad da masu saurare cikin harsunan mutanen, aiki ne da ya rataya a wuyan masana harshe tare da likitoci, kuma ba ya jiran isowar kowace na'ura.